Na Fi Mijina Sanin Doki, Ga Shi Ni Filin Sukuwa Ya Cinye

Zuwa ga Sitt Wadad,

Don girman Allah ki taimake ni, kuma ki yi sauri, domin kwana ashirin suka rage asirina ya tonu. Duk faɗin Beirut ba ni da wanda zan iya buɗe wa cikina sai ke da ba ki san fuskata ba. Sunayen da zan ambata duk na canza su, don a unguwarmu in kika yi atishawa a hawa na uku, mai kayan miya na ƙasa ne zai yi miki addu'a.

Bari in fara da mijina, tunda shi ne tushen abin. Zan kira shi Abu Ramiz. Mai aski ne a unguwar Basta. Shekara talatin da ɗaya muna tare, kuma ban san Lahadin da ta wuce bai je filin sukuwa ba, in ban da lokacin da harbe-harbe suka rufe filin, da makon da aka cire masa tsakuwa a ƙoda. Ni kuwa a bayan filin aka haife ni. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, shekara arba'in ya yi yana kula da dawakin masu kuɗi a barga, bai taɓa zuba ko lira ɗaya a kan doki ba. Ina 'yar shekara tara na iya shafa ƙafar doki in faɗi ko akwai zafi a jijiyar. Sai Allah ya haɗa ni da mutumin da, wallahi, sai ya durƙusa ya leƙa kafin ya bambance goɗiya da ingarma, kuma ko ya leƙa ba lalle ya dace ba.

Ki ji yadda yake zaɓen doki. Ya yi mafarki yana cin ƙwai biyar, ya tashi ya ce yau lamba biyar ce. Ya ga doki mai sunan ƙauyen uwarsa, ya ce ishara ce. Akwai wani ingarma wai shi Zilzal, girgizar ƙasa ke nan, da ya shekara biyu yana bi kamar sun sha nono ɗaya. Dokin nan ko ƙuda bai taɓa girgizawa ba, kullum shi ke rufo wa 'yan uwansa ƙofa, amma duk mako sai na ji, "Umm Ramiz, yau ranarsa ce, ai ya daɗe bai ci ba." Kamar dokin yana da kalanda a barga. Tsere bakwai ake yi a yini, duka bakwai ɗin sai ya sa hannu, ko da bai taɓa jin sunan doki ɗaya a ciki ba, wai zama haka nan ba daɗi. In an cinye shi a na uku, ya ninka a na huɗu don ya fanshe.

Sannan ga malaminsa, wani Ustaz Munir, mai kwat ɗaya tilo da ta ga shugabannin ƙasa huɗu. Yakan zo shago a yi masa aski kyauta, ya biya da raɗa a kunne, wai ƙanin matar direban mai dokin ne ya tsegunta masa. Na ce, "Abu Ramiz, mutumin da ya san dokin da zai ci, me ya hana shi sayen takalmi?" Ya ce, "Ke ba ki san manyan mutane ba, ɓoye arzikinsu suke yi." To, wannan kam ya iya ɓoyo.

Ko cacar ma ta matsorata yake yi. Yana da wani gwangwanin alewa a shago, inda yake jefa ɗan abin da masu aski suka bar masa na shan gahawa. Abin da ya taru a mako shi yake kaiwa fili, in ya ƙare ya karkaɗe aljihu ya taho gida a ƙasa yana fito. Bai taɓa taɓa kuɗin cefane ba, wannan ba zan yi masa ƙarya ba. Amma ki duba fa, shekara talatin ana cinye mutum yana fito!

Wata Lahadi a watan Afrilu ina zuba masa wake da man zaitun, na ce wani abu a kan dokin da yake ta kurantawa. Sai ya juya wajen maƙwabcinmu da ya shigo shan gahawa, ya ce, "Ka ji mata da doki. Ke abin da gidanku suka sani a doki ai kwashe kashinsa ne." Ubana ya taɓa, ko ya sani ko bai sani ba. Na kashe murhu, na ɗauki mayafi, na ce mu je filin.

Muka tsaya a wurin da ake zagayawa da dawaki kafin a hau su. Wanda Ustaz Munir ya ba mijina da abokansa wani jan ingarma ne mai sheƙi, yana ta rawa yana tauna linzami, maza na cewa ga wuta ga wuta. Ni abin da na gani farar kumfa ce tsakanin cinyoyinsa tun ba a ɗora masa mahayi ba, ya riga ya gama tserensa a barga, kuma yana taƙaita takun ƙafar gaba ta hagu. Can baya ga wata 'yar goɗiya kili, ba kyan gani, tana tafiya kamar mai zuwa kasuwa, kunnuwa a gaba, kofaton baya na sauka gaban sawun na gaba. Na ce waccan ce. Abokansa suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Abu Ramiz, uwargida ka kawo ta zaɓa mana jakin ɗaukar kaya?" Ustaz Munir ya gyara kwat ya ce, "Sitt, nan ba kasuwar kifi ba ce, ba a duba ido." Goɗiyar ta ci da tazarar doki uku. Nasu ya shigo na shida yana huci kamar tsohuwar motar haya a hawan dutse.

Ban sa ko sisi ba ranar. Amma shirun da suka yi, Sitt Wadad, ban taɓa ɗanɗana abu mai zaƙinsa ba, har da ranar aurena.

Lahadin da ta biyo baya na ce za ni wurin ƙanwata a unguwar Barbir. Na sa baƙin tabarau, na ja mayafi, na shiga filin ta ɗaya ƙofar, na tsaya a tagar yankan tikiti da mijina ba ya zuwa. Na kafa wa kaina doka: tsere ɗaya tak, dokin da na duba da idona, kuɗi kaɗan. Na ci. Na koma, na sake ci. Cikin mako huɗu na ci uku. Ina kallon maza suna yayyaga tikiti suna zagin mahaya da iyayensu, ina cewa a raina, tumaki kawai.

Sai rannan dokina ya faɗi. Na rantse miki ya fi kowa a tseren, mahayin ne ya yi sakaci aka matse shi a jikin shinge a kwanar ƙarshe. Ba laifina ba ne, shi ya sa na tsaya tsere na gaba in karɓi abina. Wannan ban samu na duba dawakin ba, lokaci ya ƙure, na dai zaɓi wanda na san uwarsa. Ya faɗi. Na ninka a na gaba. Haka na yi mako uku. Abin da na ci ya koma inda ya fito, ya tafi da ɗan abin da nake ɓoyewa cikin tulun shinkafa.

Ɗanmu tilo, Ramiz, shekara shida yana Abidjan yana aiki a kantin kayan gini, a tsaye daga safe zuwa yamma. Zai yi aure. Ya aiko min da kuɗi a ambulan ta hannun wani matafiyi, in saya wa yarinyar, Lamis, gwal ɗin baiko: sarƙa, awarwaro, zobe. A waya ya ce, "Mama, ke na ba, kin san Baba hannunsa na ƙaiƙayi ranar Lahadi." Muka yi dariya tare, ni da shi.

A fili akwai wani tsoho, Ammo Darwish, Baffa ke nan a wurinmu, abokin aikin mahaifina, da ya gane ni duk da tabarau. Ya ja ni gefe ya ce, "'Yar ɗan'uwana, akwai wani baƙin doki da aka ɓoye gudunsa wata biyu, wannan Lahadin za a sake shi. Don ubanki na gaya miki." Na je na duba dokin, kuma gaskiya bai burge ni ba, ƙugunsa bai cika ba. Amma na ce ai Ammo Darwish ba Ustaz Munir ba ne, wannan a barga ya tsufa. Na ɗauki ambulan ɗin Ramiz yadda yake, na miƙa ta taga. Dokin ya zo na huɗu. Na huɗu, wanda ko sannu ba a yi masa.

Ina tsaye ina kallon tikitin, sai na ji a bayana, "Umm Ramiz, yaya mutanen Barbir?" Mijina ne. Na dunƙule tikitin a hannu don kada ya ga abin da ke rubuce, na tsaya jiran ya rama duk abin da na gaggaya masa shekara talatin. Sai ya tafi ya sayo min burodi mai riɗi da za'atar, garin ganyen nan mai ƙamshi, ya ce, "Ci, faɗuwa ta fi zafi in ciki ba komai. Tun watan Mayu nake hango ki, na ce in bar ki ki sha iska." Muka taho gida a ƙasa, yana fito. Ya ɗauka 'yan canjin cefane na rasa. Da ya mare ni da ya fi min sauƙi.

Ramiz zai sauka nan da kwana ashirin. Uwar Lamis ta kira ni sau biyu tana tambaya yaushe za mu shiga kasuwar gwal. Ina da awarwaro shida na aurena. Goɗiyar nan kili za ta fito Lahadi mai zuwa, kuma ita na san ta, ba wanda ya raɗa min. In na sayar da awarwaron na zuba mata, sau ɗaya kawai, na mayar da kuɗin yarona, ba zan sake taka filin ba. Wannan ba caca ba ce irin tasu, sani ne. Shin in yi? Sannan ta yaya zan raba wannan sakaran mijin nawa da filin, tunda shi ya ja min duk wannan?

'Yar Barga, Beirut

*

'Yar Barga,

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Karo na farko na sha dariya, don kin iya zagi. Karo na biyu na ɗauki alƙalami ina neman wautar da Abu Ramiz ya yi wadda ke ba ki yi ba, na samu guda ɗaya: mafarkin ƙwai. Sauran duk kin yi. Kin sa hannu a tseren da ba ki duba ba. Kin ninka don ki fanshe. Kin ɗora wa mahayi laifi. Kin bi raɗa a kunne, har kika ƙaryata idonki da kike taƙama da shi. Yanzu kuma ga ki da Zilzal ɗinki, sai dai taki mace ce kuma kili. Abin da ya ɗauke shi shekara talatin kin kammala shi cikin wata uku, kika ƙara da wanda shi bai taɓa kusanta ba, wato zuba kuɗin da ba naki ba. Laifi tudu ne, kin hau naki kina hango na mai aski.

Ban ce ba ki san doki ba. Kin sani, gado kika yi. Amma sanin doki daban, sanin abin da zai faru cikin minti biyu tsakanin dabbobi goma da mutane goma daban. Idonki na ganin kumfa da ɗingishi, ba ya ganin shinge a kwanar ƙarshe, ba ya ganin abin da mai doki ya faɗa wa mahayi da safe. Kuma kafin doki ɗaya ya ɗaga ƙafa, fili ya riga ya yanke rabonsa daga abin da kuka tara, ragowar ce kuke wawaso a junanku, masu ilimi da masu mafarki. Wuraren nan ba da kuɗin wawaye kaɗai ake yi musu fenti ba. Wawa ɗan gwangwani yake kawowa. Mai ganin ya iya shi ke zuwa da ambulan.

Shi kuma Ammo Darwish, ki tambaye shi nawa ya zuba a kan baƙin dokin. Mai sirri na gaske ba ya rabawa, domin duk kunnen da ya ji, rabonsa ne ke raguwa. Bambancinsa da Ustaz Munir shi ne ɗaya na warin barga, ɗaya na warin man aski.

Ga amsar tambayarki ta farko: kada ki yi. Goɗiyar da ta ci a Afrilu ba wanda ya san ta ranar, yau har masu sayar da gyaɗa a bakin ƙofa sun san ta. Kowa zai zuba mata, don haka ko ta ci, abin da za a ba ki ba zai cike ramin ba. In kuwa ta yi tuntuɓe, ko ta tashi da ciwon ciki, ko tazarar ta yi mata tsawo, kin rasa gwal biyu maimakon ɗaya, garin neman gira a rasa ido. Kuɗin da ya shiga tagar nan ya tafi, ba ajiya kika ba su ba. Kalmar "sau ɗaya kawai" kuwa, duk mutumin da kika gani yana yayyaga tikiti ya faɗe ta makon jiya. Hukuncin abin a addini kin san shi tun kafin ki san ƙafar doki, ba sai na hau mumbari ba.

Awarwaronki dai za su tafi, a nan kin yi gaskiya, amma wurin maƙerin gwal za su, ba taga ba. Ki je kafin Lahadi, ki tafi da ƙanwarki, a yi musaya gwal da gwal, kada takardar kuɗi ta taɓa tafin hannunki. In ba su kai ba, a sayi abin da suka kai, ba a taɓa fasa aure mai albarka don sarƙa ta yi siriri ba. Ramiz kuma ki gaya masa da bakinki in ya sauka, a gajarce, ba kuka ba dogon tarihi: kuɗinka na ɓatar, na biya da nawa. Guminsa ne na shekara shida, yana da haƙƙin ya sani, kuma gara ya ji daga gare ki da ya ji a shagon aski. Ranar Lahadi ki je Barbir ɗin da gaske, ki miƙa wa ƙanwarki jakarki. Kada ki ce za ki fili kallo kawai, da kallo kika fara. In kika ga mako ya zagayo zuciyarki na tsalle, barci ya ƙi, ki nemi likita ba tare da jin kunya ba, domin ciwo ne da ake magani.

Tambaya ta biyu. Ba zan wanke Abu Ramiz ba. Maganar da ya yi a kan mahaifinki maganar banza ce, ya kamata ya nemi gafara. Gwangwaninsa ma ba abin yabo ba ne, shekara talatin yana ciyar da dawakin mutane da kwat ɗin Ustaz Munir, ke kina ɓoye canji cikin shinkafa. Kuma mutumin da ya hango matarsa a bakin taga tun watan Mayu ya yi shiru, ba alheri zalla ya yi ba, har da jin daɗin ya samu abokiyar shiririta. Amma cewa shi ya ja miki, wannan ban karɓa ba. Kin rama zagin ubanki a rana ɗaya, kyauta, a gaban abokansa. Duk Lahadin da ta biyo baya da ƙafarki kika je. Ba za ki raba shi da fili da gori ba, kin gwada shekara talatin. Ki gaya masa abin da filin ya ci a gidanku, ki roƙe shi ku bari tare. Mai yiwuwa wannan ne karo na farko da zai ji maganar daga bakin wadda ba ta tsaye a kansa.

Shi ya sa shi za ki fara faɗa wa, kafin maƙeri, kafin Ramiz. Na san rabuwa da awarwaron ba shi ne mai wuyar ba. Mai wuyar shi ne ki zauna gaban mutumin da kika raina tun kuna da baƙin gashi, ki ce, "Na fi ka wauta, ka taimake ni." Ba wadda ta taɓa mutuwa don ta faɗi haka. Gobe da safe ki dafa gahawa, ki zuba masa, ki zauna, ki faɗa kafin ta huce.

Allah ya rufa miki asiri, ya kawo Ramiz lafiya, ya sa albarka a aurensa, ya kuma ba ku ikon kallon juna ba tare da ɗaya ya hau tudu ba.

Sitt Wadad